GUZURIN MATAFIYI BA RIBA BA NE

Duk wanda ke zaune a Muchia, ko Cikaji, ko Hanwa, ya saba da ƙugin ƙananan jiragen saman nan da ke shawagi bisa kanmu tun da hantsi. Ɗalibai ne na makarantar koyon aikin jirgin sama ta Palladan, bakin hanyar Samaru, wadda aka kafa cikin 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan aka horar da matuƙa da yawa na ƙasar nan, da makanikan jirgi, da masu ba jirgi izinin tashi da sauka, da masu hidimar fasinja. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin haya, a nan ta koya, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar. Wannan abin alfahari ne ga Zariya, ba mu da ja a kansa.

Amma yau maganar haraji ce ta tara mu. Mun sani wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mai tebur a kasuwar Sabon Gari da alawus ɗin wanda ke kwana a otal? To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ko ka sa a karanta maka. Akwai wata ƙa'ida da doka ta yarda da ita game da waɗannan ma'aikata. Ƙa'ida ce ta gaskiya, kai ma kana da haƙƙi a cikinta, sai dai ba a taɓa kiranka an gaya maka ba. Ga ta: kuɗin da mutum ya kashe wajen ci da kwana a kan hanyar aikinsa ba riba ba ne, saboda haka ba a yanka masa haraji a kansu.

YADDA AKE YI WA MA'AIKACIN JIRGI

In jirgi ya tashi daga Kano ya sauka Ikko, ko Jidda, ko Alƙahira, ƙa'idar aikin ba ta yarda matuƙi da abokan aikinsa su yi ta tashi ba hutu ba. Akwai iyakar awoyin da za su yi, in sun cika tilas su kwanta su huta, don ran fasinja yana hannunsu. To, ga su sun kwana a garin da ba nasu ba. Kamfani ne ke kama musu masauki, kana ya ba su wani abu na abinci da ƙananan bukatu. Wannan shi ne kuɗin guzuri, wasu na ce da shi alawus na kwana. Wasu kamfanoni da kwana suke lissafa shi, wasu kuwa, musamman na Amurka, da awa, tun daga sa'ad da ma'aikaci ya kama aiki har ya dawo tasharsa.

Albashin ma'aikacin jirgi ba ya tsira daga haraji. Tun kafin kuɗin su shiga hannunsa kamfani ya cire rabon Gwamnati ya aika wa hukumar haraji ta jihar da yake zaune. Amma guzuri daban ne. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda aka yi wa gyara cikin 2011, ta ce duk abin da mai aiki ya ba ma'aikacinsa, albashi ne, ko alawus, ko kyauta, ana yanka masa haraji, in ban da kuɗin da aka mayar masa saboda abin da ya kashe wajen gudanar da aikin, waɗanda ba a nufin ya ci riba a kansu. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ita ma ta bar wannan ƙa'ida a inda take. In kamfani ya yi dabara ya kumbura guzuri don ya ɓoye albashi a ciki, hukuma tana da ikon ta ce ba ta yarda ba. Amma guzuri na gaskiya, babu haraji a kansa.

Mu kam mun yarda da wannan. Matar da ta wuni a tsaye tana raba wa fasinja abinci, ta kwana a Fatakwal ta bar 'ya'yanta a Samaru, in an ba ta kuɗin shinkafar da ta ci a can, ai ba ta ƙaru da kome ba. Abin da ya fita daga jakarta ne aka mayar mata. Wanda ya ce a yanka mata haraji a kan wannan, lalle ya zalunce ta.

MANYA SUN DAƊE DA SANIN HANYA

Ba ma'aikatan jirgi kaɗai ke da guzuri ba. Kowane ma'aikacin Gwamnati, in aiki ya kai shi wani gari ya kwana, yana da nasa, kuma an rubuta shi a jadawali daki-daki. A jadawalin da Gwamnatin Tarayya ta fitar, wanda ya fara aiki ran 1 ga Satumba 2022, ƙaramin ma'aikaci mai matakin albashi na 1 zuwa na 4 yana da Naira 10,000 kowane kwana. Mai mataki na 16 da na 17 yana da Naira 37,500. Babban Sakatare an ɗaga nasa daga Naira 20,000 zuwa 70,000. Minista kuwa daga Naira 35,000 zuwa 80,000. Dalilin da aka bayar shi ne kaya sun yi tsada, otal ya yi tsada. Ashe sun san kaya sun yi tsada!

Ku lura da abu biyu, jama'a. Na farko, kuɗin ƙayyadaddu ne. Ba a cewa Minista ya kawo rasit na tuwon da ya ci, an dai san ya tafi, ya kwana kaza, sai a ninka a ba shi. Na biyu, ku auna nauyin kuɗin. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi cikin Yuli 2024 Naira 70,000 ne a wata. Watau guzurin Minista na dare ɗaya ya fi albashin lebura na wata guda. Sabuwar dokar haraji ta ce Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, an kuwa buga ganga a kan wannan an ce an yi wa talaka gata. To, wannan gatan na shekara guda cur, daidai yake da guzurin Minista na kwana goma.

Ba mu ce kada Minista ya ci abinci in ya yi tafiya ba. Abin da muke so ku gani shi ne, waɗanda suke rubuta doka sun fahimci ƙa'idar sarai a inda ta shafi aljihunsu. Sun san tafiya tana cin kuɗi. Sun san ba a iya tara rasit a kan kowace loma. Sun yi wa kansu jadawali sun huta.

TO, INA NAMU?

Wa ya fi tafiya a ƙasar nan, in ba ɗan kasuwa da direba ba? Ku je Kwangila da dare ku ga manyan motoci a jere. Mai tumatir da tattasai ya ɗora kwandunansa zai nufi kasuwar Mile 12 ta Ikko. Mai masara ya sawo a Giwa ko Saminaka zai kai Badun. Mai takalma da kayan gyaran babur yana hanyar Aba da Anacha. Mai atamfa yana zirga-zirga tsakanin Sabon Gari da Kantin Kwari, mai hatsi tsakaninsa da Dawanau. Su ne fataken wannan zamani, da su gari ke ci yake sha.

Shi wannan falke ba wanda ke kama masa ɗaki. In mota ta lalace a Jabba ko Lakwaja, a gefen titi zai kwana, ido ɗaya a buɗe, yana kallon kayansa suna ruɓewa. Shayi da burodi da safe, garau-garau da rana, ruwan leda, kuɗin wanka da bayan gida a tasha, kuɗin tabarma a gidan fatoma, kuɗin cajin waya, duk daga uwar kuɗinsa suke fita. Ga la'adar dillali, ga kuɗin 'yan dako, ga na lodi da na saukale. Ga kuma masu igiya da sanda a bakin kowace ƙaramar hukuma, kowa da tikitinsa, kowa da launin rigarsa. A gida kuma tukunya ba ta daina tafasa don maigida ya yi tafiya ba, tilas ya bar kuɗin cefane kafin ya tafi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a kan takarda doka ba ta manta da shi ba. Dokar 2025 ta ce harajin mai sana'a a kan riba yake, riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan an cire duk kuɗin da aka kashe dungurungum don neman wannan ribar kaɗai. Kuɗin mota, da dako, da la'ada, da hayar rumfa, da masauki a garin da aka je sari, duk sun shiga ciki. Saboda haka ƙa'idar da ta kare guzurin ma'aikacin jirgi, 'yar'uwarta ce ta kare na falke.

To, ina gizo ke saƙa? A wurin shaida. Ma'aikacin jirgi yana da kamfani mai akawu da kwamfuta, kowane tashi da sauka a rubuce yake, da rana da awa. Falke kuwa, mai shayi ba ya ba da rasit, ɗan dako ba ya ba da rasit, mai igiya a kan hanya sau da yawa ko tikitin ma ba ya bayarwa. Doka kuma ta ce wanda ba shi da lissafin da za a dogara da shi, a yi masa ƙiyasi. Ƙiyasi kuwa ido ne. Mai ƙiyasi ya leƙa rumfa ya ga buhu hamsin a jibge, bai san rabinsu bashi ba ne, bai san nawa aka kashe kafin su iso ba. Ya ga jari ya kira shi riba. Nan ne haƙƙin talaka ke zubewa, ba tare da kowa ya karya doka ba.

GA LISSAFI

Bari mu buga misali don kowa ya gani da idonsa, gani ya kori ji. A ce ɗan kasuwa yana zuwa Kudu sau biyu a wata, kowace tafiya kwana shida. Kwana 12 ke nan a wata, 144 a shekara. A ce bayan ya cire kuɗin sari da na mota da na dako, abin da ya rage masa a shekara Naira 2,400,000 ne, amma bai cire ci da kwana na hanya ba.

Bisa ga sabuwar doka, Naira 800,000 na farko babu haraji, abin da ya biyo baya har zuwa Naira miliyan 3 ana karɓar kashi 15 cikin 100. In ba a cire masa guzuri ba, za a yanka masa a kan Naira 1,600,000, harajinsa Naira 240,000. In kuwa an auna masa da mudun da ake auna wa masinjan ofis, watau Naira 10,000 a kwana, guzurinsa na shekara Naira 1,440,000 ne. Ribarsa ta gaskiya ta koma Naira 960,000, za a yanka masa a kan 160,000, harajinsa Naira 24,000. Mutum ɗaya, sana'a ɗaya, shekara ɗaya, amma haraji ya ninka goma don kawai ba a ƙidaya abin da ya ci a hanya ba. Bambancin, Naira 216,000, kuɗin makarantar yara ne, buhunan masara ne, jarin mace ne a cikin gida.

Waɗanda ribarsu ba ta kai Naira 800,000 a shekara ba, kamar mai ƙosai da mai tallar goro da yawancin masu tebur, su sani babu harajin kuɗin shiga a kansu ko kwabo. Amma kuɗin tikiti na kullum da ake karɓa a kasuwa da tasha wani abu ne daban, ba ya duban riba ko faɗuwa. In Naira 200 ce a rana, kwana 300 sun zama Naira 60,000. Wannan ma magana ce da za mu dawo kanta wani mako.

ABIN DA ZA SU CE

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce, ai ko a gida kake sai ka ci abinci, don me Gwamnati za ta ɗauke maka? Za a kuma ce, in an buɗe wannan ƙofa kowa zai ce ya kwana ɗari uku a hanya, ba mai biyan haraji.

Magana ta farko tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a yi wa Babban Sakatare ita, shi ma ko a gida yake sai ya ci. Kuma kowa ya san kwanon da ka ci cikin iyalinka da wanda ka saya a tasha ba kuɗinsu ɗaya ba. Wasu ƙasashe sun daɗe da raba wannan gardama. A Amurka, mai sana'ar kansa in tafiyar aiki ta kwanar da shi a waje, ana cire masa rabin kuɗin abincinsa daga abin da za a yanka wa haraji. Waɗanda doka ta ƙayyade wa awoyin aiki kuwa, irin su direbobin manyan motoci masu dogon zango, kashi 80 cikin 100 ake cire musu, don an san hanya ce gidansu. Hukumar harajinsu tana buga adadi kowace shekara. Daga Oktoba 2024 ta sa dala 80 a rana ga masu aikin sufuri a cikin ƙasar. Direba mai motar kansa ba ya bukatar rasit na abinci, sai dai ya nuna ranar da ya tafi, da inda ya je, da abin da ya kai shi. In an ce a yi mana kashi 80 ɗin ma, mun karɓa. A misalinmu na sama harajin zai zama Naira 67,200, har yanzu da nisa tsakaninsa da 240,000.

Magana ta biyu kuwa, ai tafiya ba ta ɓoyuwa. Mota tana da lamba, tasha tana da littafi, kaya suna da takardar lodi, ƙungiyar 'yan kasuwa ta san wanda ya tafi da wanda ya zauna. Yau kuma yawancin sari ta waya ake tura kuɗinsa, rana da wuri duk suna fitowa. Wanda aka kama da ƙarya a hukunta shi. Amma ba a hana gari duka ruwa don mutum ɗaya ya yi wanka a rijiya. Mu a namu gani, in talaka ya ga ana auna masa da gaskiya, shi da kansa zai kawo lissafinsa, Gwamnati ma ta fi samu.

IN GEMUN ƊAN'UWANKA YA KAMA WUTA

Kada wani ya fahimce mu a karkace ya ɗauka muna kishi da ma'aikatan jirgi. Su ma 'yan ƙwadago ne, farar riga ba ta hana a taka su. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa cikin 1958, ya durƙushe cikin 2003. Ma'aikatansa, matuƙa da makanikai da masu hidimar fasinja, sun yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun mutu suna jira. Sai cikin 2018 Gwamnati ta amince a fitar da wajen Naira biliyan 22, kusan rabin abin da suke bi. Shekara 15 ke nan.

A Amurka ma abin da ya same su darasi ne. Kafin 2018, in guzurin da kamfani ya ba ma'aikacin jirgi bai kai adadin da Gwamnati ta ƙayyade wa garin da ya kwana ba, yana da damar ya nemi a rage masa haraji saboda cikon da ya yi daga aljihunsa. Dokar haraji ta Disamba 2017, zamanin Shugaba Trump, ta dakatar da wannan dama ga kusan duk mai aikin albashi. A cikin wannan dokar dai aka rage harajin manyan kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21. An ce dakatar da damar ma'aikata na ɗan lokaci ne, zuwa ƙarshen 2025, amma cikin Yuli 2025 aka yi wata doka ta mai da shi na dindindin. Abin da ya rage musu shi ne guzurin da kamfani ya biya na kwana a waje, shi ba a taɓa shi ba. Kun ga ke nan, ko a ƙasar da ake ce ta ci gaba, in za a rage wa mai ƙarfi kaya, a kan ma'aikaci ake ɗorawa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Haƙƙin da ba a tsare ba, da bugun alƙalami ɗaya yake tafiya.

Amma tarihi ya kuma nuna ana samun sauƙi in an dage. Kuɗin da Turawan mulki suke karɓa daga ayarin fatake an soke shi cikin 1907, da aka ga yana kashe fatauci. Haraji da jangali, waɗanda kakanninmu suka sha ɗauri da tsayuwar rana a kansu, Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna cikin 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano. Kafin ranar, masu hikima da yawa sun rantse ba zai yiwu ba. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko da yake kowane direba ya san yadda aka bi ta. Cikin Fabrairu 2021 kuma, da masu fataucin abinci da dabbobi suka tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, yawan karɓe-karɓen kuɗi a hanya yana cikin kukansu, nan da nan aka kira su teburin shawara. Kukan kurciya jawabi ne.

ABIN DA MUKE NEMA

Dokar ta Tarayya ce, amma harajin mutum ɗaya ɗaya hukumar haraji ta Jihar Kaduna ce ke karɓa. Saboda haka kiranmu ga su biyu ne, da wakilanmu na majalisar jiha da na Tarayya, waɗanda suka zo har ƙofar rumfunanmu neman ƙuri'a.

Na ɗaya, a yi wa ɗan kasuwa da direba mai motar kansa jadawalin guzuri, kaza a kowane kwana da aka yi a waje, a cire shi daga riba ba tare da neman rasit na abinci ba. Kada ya gaza na ƙaramin ma'aikacin Gwamnati, kuma duk ranar da aka ɗaga na Minista a ɗaga shi.

Na biyu, a karɓi shaidar da talaka yake da ita: takardar lodi, tikitin tasha, littafin ƙungiya, saƙon banki na waya, da littafin lissafinsa, ko da boko ya rubuta ko da ajami.

Na uku, kuɗin da ake karɓa a kan hanya, wanda ba ya bisa doka a hana shi, a kama masu karɓa. Wanda yake bisa doka a ba da rasit mai lamba, a kuma ƙidaya shi cikin abin da ɗan kasuwa ya kashe.

Na huɗu, in za a yi ƙiyasi a yi shi a fili, gaban shugabannin layi, a tambayi mai rumfa daga ina kayansa suke zuwa da sau nawa yake tafiya. Takardar da za a ba shi a rubuta ta da Hausa tare da Turanci, a kuma faɗa masa a ciki cewa yana da kwana 30 da zai rubuta ya ce bai yarda ba. Dokokin 2025 sun kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji. To, a kawo shi kusa da kasuwa, kada ya tsaya a Abuja.

SAURA NAMU

Ba za mu rufe ba sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Wanda ba ya rubutu, shi ya miƙa wa mai ƙiyasi wuƙa. Daga yau kowane ɗan kasuwa ya sayi ɗan littafi ya sa a aljihu. Ranar tashi, garin da aka je, lambar mota, kuɗin mota, dako, la'ada, masauki, abinci, abin da aka karɓa a hanya da sunan wurin, ranar dawowa. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka ya iya, ko sakataren ƙungiya. Tikiti kome ƙanƙantarsa kada a yar, a tara a leda. Wanda yake zaman haya ya riƙe rasit ɗin hayar gidansa, don sabuwar doka ta yarda a cire masa kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, har zuwa Naira 500,000, daga abin da za a yanka wa haraji. Ƙungiyoyin kasuwar Sabon Gari da ta Samaru su buɗe littafin tafiye-tafiye, kowa ya sa hannu in zai tafi da in ya dawo, don littafin mutum ɗari ya fi na mutum ɗaya nauyi a gaban hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'an nan ku alhazai masu motoci da manyan 'yan kasuwa da ke cikinmu, maganar nan ta shafe ku ta wata fuska. In kun aiki yaro Anacha, ko kun tura direba da yaron mota Ikko, ku ware musu guzuri daban da ladansu, wanda zai ishe su ci da kwana, ku rubuta. Ba daidai ba ne mu nemi Gwamnati ta san wahalar hanya a kanmu, mu kuma mu ƙi saninta a kan yaranmu.

Muna roƙon shugabannin mazaɓu, tun daga Muchia da Cikaji har Dogarawa da Bomo da Basawa, su karanta wannan a taronsu na mako, su tattara sunayen masu tafiya da yawan kwanan da suke yi a hanya, mu kai wa wakilanmu a rubuce. Yaran nan da ke shawagi bisa Palladan, in sun gama sun kama aiki, za a ba su guzuri ba haraji, muna kuwa taya su murna. Abin da muke nema kawai shi ne mudun da aka auna musu, da wanda manya suka auna wa kansu, a auna wa mai kwana kan buhu da shi. Kasuwa ɗaya, mudu ɗaya.

Allah ya kawo mana sawaba, amin.